Yadda Ake Gabatar da Baƙo Mai Jawabi

Tun kafin ranar taro, tambayi baƙon yadda ake faɗin sunansa da muƙaminsa. Ka rubuta, ka yi ta maimaitawa har bakinka ya saba. Kuskuren suna a bainar jama'a yana da ciwo ƙwarai, kuma da wuya mai sunan ya manta.

Idan ka miƙe, gaishe da mahalarta a taƙaice. Faɗi batun da za a tattauna, sannan abu biyu daga aikinsa da suka sa ya cancanci yin magana a kai. Kada ka zayyano tarihinsa kaf, minti 2 sun isa.

Ajiye sunansa sai ƙarshe. Juya gare shi, ka fara tafi, ka jira ya iso, ka miƙa masa makirufo ka zauna.