Kurabiki, 'yar uwar gireba daga Bulgeriya

Gwaggona da ta yi karatu a Sofiya, babban birnin Bulgeriya, ita ta fara kawo mana wannan biskit gida. Ina gutsura na ce ai gireba ce. Ashe ban yi nisa ba: sunan kurabiki daga kurabiye na Turkawa ya fito, su da suka mulki Bulgeriya kusan shekara 500 har zuwa 1878. Can lokacin Kirsimeti da Ista ake cika faranti da shi. Ni kuwa da Sallah nake yi. Bambancinsa da tamu gireba, akwai ƙwai da nono a ciki, don haka ya fi taushi.

Ki tanadi fulawa kofi 4, sukari kofi 1, bota giram 125, ƙwai 3, kindirmo rabin kofi, bakin soda ƙaramin cokali 1, sai ɗan kankararren ɓawon lemon tsami.

Ki buga bota da sukari har ya yi fari, ki fasa ƙwai 2 ki ci gaba da bugawa. Sai ki zuba sodar cikin kindirmon, ba cikin fulawa ba. Ki tsaya ki gani: zai yi kumfa ya taso kamar zai zube daga kofin. Tsamin nonon ne ke tayar da sodar, shi ya sa wanda ya kwana ya fi. Ki juye, ki riƙa zuba fulawa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya daina kama hannu. Kada ki murza shi kamar na cincin, zai yi tauri.

Zafin Sakkwato shi ne abokin gaba. Karon farko a watan Afrilu na gwada, botar ta narke kafin in gama fasa ƙwai, suka baje a tire kamar wainar fulawa. Yanzu da sassafe nake kwaɓawa, in sa a firij rabin awa. In babu wuta, kan randa da jiƙaƙƙen tsumma.

Ki mulmula kamar girman goro, ki ɗan danne, ki shafa gwaiduwar ƙwan da ya rage, ki barbaɗa sukari. Ni ina ƙara riɗi, Gwaggo na ta mita wai ba haka ake yi a Sofiya ba. Ki gasa a obin a kan digiri 180, minti 15 zuwa 20, ko tukunyar yashi bisa gawayi, wuta kaɗan. Da samansu ya yi ja-ja ki sauke, ki bari su huce kafin yara su shigo.