Yadda na goge karcen gilashin babur ɗina

Gilashin gaban babur ɗina na roba ne, kuma ƙurar hunturu da shafa shi da busasshen tsumma sun bar masa ƙananan karce birjik. Da dare in fitilar mota ta haske shi, sai ya yi fari fat, hanya ta ɓace mini.

Na fara gwada karcen da farce. Wanda farce ya bi ta kansa bai tsaya ba, shi ne mai fita. Mai zurfin da ke kama farce kuwa, na bar shi.

Na wanke gilashin da ruwa da sabulu, don ko ƙwayar yashi ɗaya ta rage, sabon karce za ta yi. Sai na ɗiga farin man goge baki a tsumma mai laushi, na yi ta murzawa a zagaye, a hankali, ba dannawa. Na ɗauraye, na duba a rana, na maimaita inda ya rage.

Samfefa ban taɓa ta ba, domin wasu gilasan suna da shafe mai tauri a sama, tana cinye shi. Fetur da tina kuwa dusar da roba suke yi.

Yanzu sai na zuba ruwa kafin tsumma ya taɓa shi.