Yadda Ake Auna Yarjejeniyar Sulhu Kafin a Yi Murna

A majalisun shayi na unguwannin Nima da Mamobi a Accra, da zarar rediyo ya sanar da cewa an sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a wata ƙasa, sai mai shayi ya ƙara murya, a tsagaita hira, sannan gardama ta kaure kan ko sulhun zai ɗore. Muna da ma'auni a kusa, domin a nan Accra aka ƙulla sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin Laberiya ranar 18 ga Agusta 2003, bayan shekara 14 ana ɗauki-ba-daɗi.

Ka fara da binciken waɗanda suka zauna a teburin, musamman wanda aka bari a waje. A zaman Accra, wanda Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta a madadin ECOWAS, an haɗa gwamnati da 'yan tawayen LURD da MODEL, da jam'iyyun siyasa da ƙungiyoyin farar hula. Da tattaunawa ta cije, matan Laberiya, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin Leymah Gbowee, suka zauna a bakin ƙofar zauren suka hana wakilai fita. Ka kwatanta wannan da Afganistan, inda aka ware Taliban a taron kafa gwamnatin riƙon ƙwarya da aka yi a Bonn ta Jamus a 2001, sannan a Doha a 2020 Amurka ta daidaita da Taliban ba tare da gwamnatin Kabul ba, gwamnatin da ta faɗi a Agustan 2021. A ganina wannan tambaya ta fi sauran nauyi, domin wanda ke riƙe da bindiga kuma ba a ba shi kujera ba, babu alkawarin da ke wuyansa.

Daga nan ka dubi makomar shugaban da ake yaƙi a kansa. Shugaban Laberiya Charles Taylor ya sauka daga mulki ya tafi gudun hijira Calabar mako guda kafin a sa hannu, aka kuma danƙa riƙon ƙwarya ga ɗan kasuwa Gyude Bryant da sharaɗin ba zai tsaya takara ba.

Kada ka tsaya kan ranar da sojojin waje za su fice kaɗai. Ka tambayi wanda zai tsare hanyoyi da kasuwanni bayan tafiyarsu, da wanda zai karɓi makamai daga hannun samari ya nuna musu sana'a. A Laberiya dakarun Najeriya ne suka fara sauka a Monrobiya, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tura sojoji 15,000, aka kwance ɗamarar mayaƙa sama da 100,000 kafin zaɓen 2005 da Ellen Johnson Sirleaf ta lashe. Rundunar ba ta naɗe tabarmarta ba sai a 2018, bayan Sirleaf ta miƙa mulki ga George Weah.