Ɗan leƙen asiri na talabijin da nauyin haƙƙi: shawara ga sabon zuwa

Wanda ya sauka Amurka ko Ingila ba zai daɗe ba zai lura cewa hirar abokan aiki a lokacin hutu takan karkata ga wasannin talabijin masu dogon zango, kuma labaran 'yan leƙen asiri suna cikin waɗanda ake yawan tattaunawa. Ina ba sabon zuwa shawarar ya kalli ko da guda ɗaya, ya kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo domin kunnensa ya saba da harshen. Amma ya sani cewa harbi da tsere ba su ne ke riƙe masu kallo ba. Abin da ke riƙe su shi ne mutumin da ya mayar da ƙarya sana'a, sannan zuciyarsa ta kamu da son wanda yake yaudara.

Misali mafi bayyana shi ne The Americans, wanda tashar FX ta nuna daga 2013 zuwa 2018, kuma Joe Weisberg, tsohon jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya ƙirƙira. Philip Jennings jami'i ne na KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat, da ke zaune kusa da Washington a zamanin Shugaba Reagan, shi da matarsa Elizabeth, a matsayin Amurkawa masu kamfanin tafiye-tafiye. Domin ya samu bayanai, ya ɗauki sunan Clark ya auri Martha, sakatariya a FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wadda ta so shi tsakani da Allah. Philip yana jin nauyin abin da ya aikata, har ya riƙa halartar tarukan da mutane ke amayar da damuwarsu, kuma da asiri ya tonu ya yi fafutukar fitar da ita zuwa Mosko da ranta. Masu kallo da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wanke laifi. A ganina bai kai ba, domin Martha ta rasa aikinta da iyayenta da ƙasarta, ta tsinci kanta inda ba ta jin harshen kowa, kuma ciwon zuciyar Philip bai mayar mata da ko ɗaya daga cikinsu ba. Nadama sharaɗi ɗaya ce ta tuba. Mayar da haƙƙi ga mai shi ya fi ta wuya, kuma a nan ne irin waɗannan taurari suke gazawa. Idan ka faɗi haka cikin ladabi a hirar abokan aiki za a saurare ka, sai dai kada ka bayyana ƙarshen labari ga wanda bai gama kallo ba, domin ana jin haushin hakan sosai.

Labarin ya shafi baƙo fiye da yadda zai zata. Wanda ya je inda ba a san asalinsa ba yana da damar zama duk wanda ya ga dama, kuma kaɗaici kan ja wasu su ɓoye iyalin da suka baro, ko su nuna wa na gida rayuwar da ba ita suke yi ba. Ƙarya ta farko ƙarama ce, amma kowace tana buƙatar wata ta tallafe ta. Ya kamata a sani cewa ƙulla aure a hukumance alhali akwai wani auren da doka ta amince da shi laifi ne a Amurka da Ingila da Faransa, kuma ɓoye aure ko 'ya'ya a takardun shige da fice na iya jawo soke izinin zama ko bayan shekaru. Wanda ya riga ya shiga wannan hali ya fara da gaya wa wadda abin ya shafa gaskiya, sannan ya nemi lauyan shige da fice kafin ya sake cike wata takarda.

Game da kallon kansa, yawancin waɗannan wasanni na manya ne, akwai tsiraici da zubar da jini. A duba alamar TV-MA (na manya kawai) a Amurka, ko alamar shekaru 15 da 18 a Ingila, a kuma sanya lambar sirri a manhajar kallo idan akwai yara a gida.