Kurakuran da masu kaɗa ƙararrawar coci suka fi yi

A majami'un Sabon Garin Kano da har yanzu ake kaɗa ƙararrawa da hannu, galibi matasa ake miƙa wa igiya ba tare da an koya musu komai ba. Shi ya sa kuskuren da ya fi yawa shi ne nuna ƙarfi. Yaro zai fizgi igiya kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi, alhali nauyin ƙararrawar ne ke yin aikin. Ka ja a hankali, ka sake mata ta tafi, in ta dawo ka ƙara ja. Kada kuma ka naɗe igiyar a hannu ko kaɗan, domin babbar ƙararrawa tana iya ɗaga mutum sama ko ta ƙuje masa tafi.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaure igiya a harshen ƙararrawa, wato ƙarfen da ke lilo a cikinta, ana buga shi a jikinta, ko kuma a hau sama da guduma. Ƙararrawa ta gaske zubi ce, kusan kashi 4 na jan ƙarfe da kashi 1 na kuza. Wannan haɗin ne ke ba ta amo mai daɗi, shi ne kuma ya sa ba ta lanƙwasa, sai dai ta tsage. Idan harshen ya daki jikinta, dole ya koma nan take. In mai ja ya riƙe shi a manne, sautin zai dushe, ƙarfen kuma ya sha wahala. Ƙararrawar Big Ben ta Landan ma gudumar da ta yi mata nauyi ce ta tsaga ta a 1859. Rim ɗin mota da ake ratayewa a bishiya yana jure duka, ita ba ta jurewa. In ta tsage, kar a kira mai walda na bakin titi, a dakatar da ita a nemi wanda ya san aikin tagulla.

Fenti ma yana rage amonta, a bar ta da launinta.

Ƙurar hunturu kan cakuɗe da giris a wurin da take juyawa, don haka a goge tsohon kafin a sa sabo. Igiyar rama tana tsukewa da damina, ta saki da rani. A riƙa duba tsawonta da kuma inda take gogar katako.

Sai batun ma'ana. Kiran sujada daban, na jana'iza daban: shi ɗaya-ɗaya ake buga shi, da tazara. A cocin Katolika, ƙararrawar addu'ar Anjelus ta ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma tana farawa ne da bugu uku-uku har sau uku, ana tsayawa a tsakani don addu'a. Mai gaggawa yakan haɗe su, tsofaffi su rasa inda suke.

Kuma nan Kano ce. Lokacin magariba yana sauyawa cikin shekara, wani lokaci yakan matso kusa da shida na yamma. In ladan ya fara kira a masallacin unguwa, a ganina babu abin da zai ragu idan ka jira ya gama. A yi maganar da fada ko fasto tun da wuri, kar a bar wa yaron da ke riƙe da igiya ya yanke hukunci shi kaɗai.