Yadda Ɗalibi a Marwa Zai Gane Zaman Tsutsotsin Nematod na Antatika Ta Hanyar Tace Ƙasar Bakin Mayo

A Busassun Kwaruruwan McMurdo da ke Antatika, inda ƙanƙarar da ke sauka a shekara ba ta kai milimita 100 ba idan aka narkar da ita, dabbar da ta fi kowace yawa a ƙasa ita ce tsutsar nematod, wato 'yar siririyar tsutsa mai kama da zare, mai suna Scottnema lindsayae, wadda tsawonta bai kai milimita 1 ba. Abin da ya fi tsara zaman waɗannan tsutsotsi a can shi ne ruwa da gishiri, ba sanyi kaɗai ba, kuma wannan ne ya sa ɗalibin da ke Marwa, a arewacin Kamaru, zai iya gwada irin tambayar da masana ke yi a can ba tare da ya taka ƙanƙara ba, domin fari dai ba baƙo ba ne a wurinmu.

Kafin a ɗauki fartanya, ya kamata a san tsarin da aka gano a can. Scottnema tana cin bakteriya da yis, kuma ta fi yawa a busasshiyar ƙasa mai ɗan gishiri. Wasu nau'o'in nematod biyu kuwa, Eudorylaimus da Plectus, sun fi zama a gefen ƙoramun da ke gudana na 'yan makonni idan ƙanƙara ta narke, inda akwai laima da gansakuka. Akwai kuma wuraren da gishiri ya yi yawa har ba a samun ko guda. Marigayiya Diana Wall ta Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka ta shafe shekaru masu yawa tana bibiyar wannan tsari, har aka raɗa wa wani kwari sunanta a can.

A zaɓi wuri a bakin Mayo Tsanaga ko Mayo Kaliyawo (mayo shi ne kogi da Fulatanci) a watan Maris, lokacin da rairayi ya bushe amma masu lambun albasa suna ban ruwa. A miƙa igiya daga gefen lambu mai laima zuwa fako, wato ƙasar da Fulani ke kira harde, sannan a ɗebi ƙasa a wurare 5 ko 6 a kan layin, kowanne daga sama zuwa zurfin santimita 10. Kowane samfuri a zuba shi a ledarsa, a rubuta nisansa daga ruwa, a ajiye a inuwa nan take, saboda ledar da aka bari a rana tsawon sa'a guda a wannan wata ta zama tukunya, kuma duk abin da ke motsi a cikinta zai mutu.

Tacewar ba ta buƙatar kaya masu tsada. Asalin dabarar ta wani likita mai suna Baermann ce, tun 1917, kuma da mazurari ake yin ta, amma a maimakon mazurari ana iya amfani da rariyar roba da faranti mai ɗan zurfi. A shimfiɗa takardar tishu a cikin rariyar, a baza giram 100 na ƙasa a kai sirara, a ɗora rariyar a kan farantin, sannan a zuba ruwa mai tsabta ta gefen farantin a hankali har ya taɓa ƙasar daga ƙasa. Nan ne mutane suka fi kuskure. A gwajina na farko na kwarara ruwan ta sama don gaggawa, takardar ta yage, washegari na sami kunun laka wanda ba a ganin komai a cikinsa. Ƙasar ta jiƙu kawai, kada ta nutse. A rufe da wani faranti, a bari sa'a 48 a ɗaki mai sanyi, ana ƙara ruwa idan ya ja baya. Tsutsotsin da ke da rai za su ratsa takardar su faɗa ruwan. Sai a juye shi a kofin gilashi, a bar shi ya kwanta wasu sa'o'i, a tsiyaye na sama, a duba na ƙasa da maikiroskof mai girmama abu sau 40.

Samfurin fako ya fi kowanne cancantar haƙuri. Idan ƙasa ta bushe, wasu nematod sukan naɗe jiki kamar gammo, su rasa kusan dukkan ruwan jikinsu, su dakatar da rayuwa har sai laima ta dawo, kuma da wannan dabara ce Scottnema ke cinye mafi yawan shekara. A gwajin ɗaki an ga tana buƙatar kwana 218 a zafin digiri 10 kafin ta kammala zagayen rayuwarta, ke nan a fili zagaye guda yana ɗaukar ta shekaru. Saboda dabarar faranti tana kama mai motsi ne kawai, masu bincike a Antatika sun fi amfani da ruwan sukari da na'urar juyawa, wadda ke tasar da masu rai da matattu baki ɗaya. Don haka idan farantin fako ya fito wayam, kada a rubuta cewa babu tsutsa a wurin. A rubuta cewa ba ta farka ba cikin sa'a 48, a sake gwadawa da ƙarin kwana biyu.

Laima kuwa ana auna ta da sikeli: a auna wani ɓangare na samfurin, a busar da shi a zafin digiri 105 na sa'a 24, a sake aunawa. Idan akwai ma'aunin gishiri, a dama kashi 1 na ƙasa da kashi 5 na ruwa a gwada.

A wajen fassara sakamako ne ake bukatar taka-tsantsan. Lambun Marwa yana da saiwoyi, saboda haka za a ga masu cin tsiro irin su Meloidogyne da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli, alhali kwaruruwan McMurdo ba su da tsiro mai saiwa ko ɗaya, kuma sau da yawa jinsi guda ne ke zaune a samfuri. Abin da za a iya kwatantawa shi ne yadda adadi da iri ke sauyawa daga laima zuwa fako, taku bayan taku, a kan igiyar da aka miƙa.