An dakatar da shafin kasuwancinka a Google ko imel ɗin kamfani? Ga yadda ake dawo da su

Idan shafin kasuwancinka ya ɓace daga Google Maps, kada ka buɗe sabo. Google zai ɗauke shi a matsayin kwafi ya rufe shi, kuma duk sharhin da kwastomomi suka rubuta maka yana kan tsohon.

Fara da gano abin da aka dakatar. Wani lokaci shafin yana nan mutane na gani, ikon gyara shi kawai aka ƙwace maka. Wani lokaci an cire shi gaba ɗaya. Na uku ya fi ciwo: asusun Google na mai shafin ne aka taƙaita, sai shafukan da ke ƙarƙashinsa suka faɗi tare. A nan asusun za ka fara nema a sake, sannan shafin.

Ba kasafai Google ke faɗin takamaiman laifin ba, don haka kai za ka bincika. Duba suna tukuna. Abin da ke rubuce a allon ƙofar shagonka shi ne sunanka, ba ƙari. Wanda ya liƙa "mafi araha" ko sunan gari da jerin kayan da yake sayarwa don ya hau sama a bincike, ya karya doka. Sai adireshi: akwatin gidan waya ko ofishin haya da babu ma'aikaci a ciki ba ya karɓuwa. Mai gyaran famfo ko wuta da ke zuwa gidajen mutane, ya ɓoye adireshinsa ya nuna yankin da yake aiki. Canza suna, adireshi, lambar waya da nau'in sana'a duk a rana ɗaya ma yana jawo zargi, ko da gaskiya ne.

Gyara laifin kafin ka ɗaukaka ƙara, in ba haka ba za a duba a ga abin yana nan. Sannan ka tara takardu: rajistar kamfani, lasisin sana'a, takardar haraji, takardar kuɗin wuta ko ruwa. Sunan kasuwanci da adireshin da ke kansu su yi daidai da na shafin, harafi da harafi. Ka ajiye su a kwamfuta kafin ka fara ɗaukaka ƙarar, domin da zarar ka buɗe fom ɗin hujjoji minti 60 kawai gare ka. Amsa kan ɗauki kwanakin aiki har 5, wani lokaci fiye. Kada ka yi ta aika ƙara a kan ƙara, ba ya hanzarta komai.

Idan aka nemi bidiyo, ɗauka ɗaya ake so, ba yanka ba haɗi. Fara daga titi ka nuna alamar hanya ko shagunan makwabta, ka matso kan allon suna, ka sa makulli ka buɗe ƙofa da hannunka, ka shiga har inda kwastoma ba ya shiga.

Imel ɗin kamfani, wato mai ɗauke da sunan kamfanin bayan alamar @, nasa dalilan daban ne. Mafi sauƙi shi ne kuɗi: katin banki ya daina aiki, ko wa'adin domen ɗin, wato sunan nan da ke bayan @ wanda ake biyan kuɗin rajistarsa, ya ƙare ba a sabunta ba. Domen mai .com da aka soke yana da kwana 30 na fansa, da kuɗi mai tsada, bayan nan da kamar kwana biyar kowa na iya saye. Na biyu, wani ya saci kalmar sirri yana watsa saƙonnin damfara da sunanka. Na uku, kai da kanka ka wuce iyaka: a Google Workspace, wato tsarin imel ɗin kamfanoni na Google, saƙo 2,000 ne a rana ga kowane mutum, wanda ya zarce sai a tsayar masa da aikawa har awa 24. Tallan da za a tura wa dubban mutane, a nemi manhajar da aka yi don haka.

Mai kula da asusun kamfanin zai iya dawo da ma'aikacin da aka dakatar daga admin.google.com, amma ya fara canza kalmar sirri, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya kuma leƙa ko ɓarawon ya saita tura saƙonni zuwa wani adireshi a ɓoye. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa. Daga nan a duba SPF, DKIM da DMARC a saitin domen, wato bayanan da ke tabbatar da cewa saƙo daga domen ɗinka ya fito da gaske. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman ukun daga mai aika saƙo 5,000 a rana, kuma masu kai ƙarar saƙonninsa a matsayin na banza (spam) kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. SPF layi ɗaya ake sa wa domen. Idan ka sa biyu, duka sun lalace.

Ga inda matsalolin biyu ke haɗuwa. Sau da yawa imel ɗin kamfanin ne kaɗai mai shafin kasuwancin, kuma shi ne adireshin da mai rajistar domen, wato kamfanin da ka sayi domen ɗin a wurinsa, ke aika gargaɗi. Ranar da ya mutu, ba shiga shafin, ba ganin saƙon Google, ba karɓar lambar sake kalmar sirri. Don haka ka ƙara mai shafi na biyu da imel ɗin da ba na domen ɗin ba, ka sa irinsa a wurin mai rajista da kuma asusun mai kula. Yi shi tun lafiya lau, domin sabon mai shafi sai ya jira kwana 7 kafin a ba shi cikakken iko. Ma'aikaci ko ɗan kwangilar talla kuwa, matsayin manaja ya ishe shi, kuma ranar da ya bar aiki a cire sunansa.